Zhong Nanshan: Likitan Huhun Da Sinawa Suka Yarda Da Bakinsa

Ran 20 ga Janairun 2020 da daddare, gidan talabijin na gwamnatin Sin ya yi hira kai tsaye da wani dattijon likita ɗan shekara 83. Aka tambaye shi ko sabuwar cutar da ta ɓulla a birnin Wuhan tana tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Ya ce tabbas tana tsallakawa, ya kuma kawo hujja biyu. A lardin Guangdong an sami waɗanda suka kamu alhali ba su je Wuhan ba, 'yan uwansu ne suka je suka dawo musu da ita. A Wuhan ɗin kuma maras lafiya guda ya sa wa ma'aikatan asibiti 14. Kwana uku bayan wannan hira aka rufe Wuhan, birni mai mutum miliyan 11, ba shiga ba fita har tsawon kwana 76.

Abin da Zhong Nanshan ya faɗa a daren nan ba sabon labari ba ne ga likitocin Wuhan, domin su ne suke ganin abokan aikinsu suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Makonni uku hukumomin birnin suna nanata cewa babu tabbatacciyar shaida. To me ya sa ƙasa mai hukumar lafiya, da cibiyar yaƙi da cututtuka, da dubban furofesoshi, sai da wannan tsoho ya buɗe baki kafin jama'a su ruga neman takunkumi? Kuma me ya sa gwamnati ta zaɓe shi ya zama mai faɗa? Amsar ba za ta fito ba sai an koma baya, musamman shekarar 2003. A ganina, nauyin maganarsa ya samo asali ne daga gefen gadon maras lafiya. Duk inda ya yi magana kan abin da ya gani a ƙirjin majinyaci, da wuya ka kama shi da kuskure. Inda ya bar gefen gadon ya shiga hasashe, ko siyasa, ko yabon magani, nan ne ake samun abin faɗa.

An haife shi ran 20 ga Oktoban 1936 a Nanjing, shekara guda kafin sojojin Japan su mamaye birnin. Iyayensa suka yi hijira da shi zuwa Guiyang, bayan yaƙi kuma suka zauna a Guangzhou, birnin nan da 'yan kasuwarmu suke zuwa saro kaya. Mahaifinsa, Zhong Shifan, likitan yara ne da ya yi karatu a Beijing da Amurka, mutumin da ya cika gidansa da ɓeraye don gwajin ƙwayar cutar kumburin ƙwaƙwalwa saboda ba shi da ɗakin bincike. Mahaifiyarsa, Liao Yueqin, ma'aikaciyar jinya ce, tana cikin waɗanda suka kafa asibitin ciwon daji na Guangdong.

Mai jin wannan zai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, hanya a buɗe take. Ba haka ta kasance ba. Ya shiga kwalejin likitanci ta Beijing a 1955, amma a shekarun nan an fi saninsa a filin wasa. A ƙarshen shekarun 1950 ya kafa tarihin ƙasa a tseren mita 400 na tsallake shinge, cikin ƙasa da daƙiƙa 55, matar da ya aura kuma, Li Shaofen, 'yar ƙwallon kwando ce ta ƙungiyar ƙasa. Da ya gama a 1960 aka riƙe shi a makarantar yana koyarwa, ba a asibiti ba. Daga nan siyasar zamanin Mao ta haɗiye shi: aka tura shi ƙauye a lardin Shandong, aka dawo da shi aka ba shi aikin zuba gawayi a tukunyar ɗumama ruwan makaranta. A 1966, farkon Juyin Juya Halin Al'adu, tsangwamar matasan da ake kira Jajayen Dakaru ta kai mahaifiyarsa ga halaka kanta.

Sai a 1971 ya koma Guangzhou ya fara aikin asibiti, yana da shekara 35, shekara 11 bayan karɓar takardar likita ba tare da ya duba maras lafiya ba. Shi da kansa yana bayar da labarin yadda a farkon zuwansa aka kawo wani mai fitar da jini ta baki, ya ɗauka tarin fuka ne ya tura shi asibitin masu tari, ashe jinin daga cikinsa yake fitowa, saura kaɗan mutumin ya mutu. Bayan wannan ya duƙufa karatu kamar ɗalibin shekarar farko. A lokacin gwamnati ta ba da umarnin a binciki tari mai daɗewa da ke addabar talakawa, asibitin ya kafa wani ɗan ƙaramin rukuni da babu mai sha'awar shiga, aka jefa shi ciki. Wannan rukunin ne ya girma ya zama Cibiyar Cututtukan Numfashi ta Guangzhou a 1979.

A 1979 ɗin ne, bayan Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar ƙasar, Zhong ya sami tafiya Birtaniya yana da shekara 43. Ya yi aiki a Edinburgh ƙarƙashin Furofesa David Flenley, sannan a asibitin St Bartholomew's da ke Landan. A cewarsa, tarbar farko wasiƙa ce da ta sanar da shi cewa dokar Birtaniya ba ta san da takardar likitancin Sin ba, saboda haka kallo kawai zai yi, wata takwas ma sun ishe shi.

Aikin da ya ɗauka a can ya shafi iskar kabon monoksaid, wadda ke cikin hayaƙin taba, ita ce kuma take kashe masu kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. A cikin jini akwai sinadarin himogulobin, ɗan dakon da ke ɗaukar oksijin daga huhu ya sauke a sassan jiki. Kabon monoksaid tana manne wa wannan ɗan dako fiye da yadda oksijin ke mannewa sau ɗari biyu da ɗoriya, ta tare wurin kaya, sannan ta sa ya riƙa ƙin sauke ɗan abin da ya ɗauko. Yadda wannan ƙin saukewar yake ƙaruwa, da lissafi aka ƙiyasta shi, Zhong kuwa ya so ya auna a jikin mutum mai rai. Ya shaƙi iskar da kansa ana ɗibar jininsa, har ta kama kashi 22 cikin 100 na himogulobin ɗinsa, abin da ake kwatantawa da zuƙar karan sigari hamsin ko sittin a jere. Yau babu kwamitin ɗa'ar bincike da zai sa hannu a irin wannan cikin sauƙi. Amma ya nuna halin mutumin: gani ya kori ji, ko da ji ɗin daga bakin malaminsa ya fito. Ya koma gida a 1981, ya shugabanci kwalejin likitanci ta Guangzhou daga 1992, aka zaɓe shi cikin Kwalejin Injiniyanci ta Sin, majalisar manyan masanan ƙasar, a 1996. Wannan kujera ta ƙarshe babba ce ƙwarai a tsarin ƙasar, mai ita ba a taɓa shi da wasa, kuma za ta yi masa rana.

A watan Nuwamban 2002 wata baƙuwar cutar huhu ta ɓulla a Foshan, kusa da Guangzhou. A Disamba aka kawo wa cibiyar Zhong wani majinyaci daga Heyuan, zazzaɓi ya ƙi sauka, hoton ƙirjinsa yana ƙara fari kullum, maganin kashe bakteriya kowane iri an ba shi bai yi komai ba. Kafin a ankara sai ga labari cewa ma'aikatan asibitin da ya baro sun kwanta. Wannan ita ce cutar da duniya ta sani daga baya da suna SARS. Hukumomin Guangdong ba su yi wa jama'a bayani ba sai ran 11 ga Fabrairun 2003, lokacin da suka ce mutum 305 sun kamu, biyar sun mutu. Kafin nan jita-jita ta saƙon waya ta riga ta sa an wawashe ruwan tsami na binega a shaguna, ana tafasa shi a ɗaki wai yana kashe cutar.

Mako guda bayan haka aka kai inda Zhong ya yi suna. Ran 18 ga Fabrairu kafofin labaran gwamnati suka sanar cewa cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa da ke Beijing ta gano sanadin cutar, wai ƙwayar kilamidiya ce. Babban masani Hong Tao ne ya hango wani abu mai kama da ita a huhun gawarwaki biyu ta madubin lantarki. Labari ne mai daɗin ji, domin kilamidiya dangin bakteriya ce, tana da magani a kowane kemis. Zhong ya ƙi yarda. Hujjarsa ba ta ɗakin gwaji ba ce, ta ɗakin majinyata ce: magungunan da ke kashe kilamidiya su ne ya yi makonni yana bayarwa, kuma babu wanda ya farfaɗo da su. In da ita ce, da an ga sauƙi. Ya ce alamu sun fi nuna bairos. Likitocin Guangdong suka bi bayansa, suka ci gaba da jinya a kan nasu fahimtar.

Mai karatu ya auna abin da wannan ke nufi a ƙasar da ba a saba musa wa Beijing ba. An gano daga baya cewa masu bincike na cibiyar likitancin soja sun hango ƙwayar korona a samfurinsu tun ƙarshen Fabrairu, amma suka yi gum, don ba su iya fito-na-fito da matsayin da aka riga aka sanar ba. Sai masanan Jami'ar Hong Kong da na Amurka da Jamus suka riga su a watan Maris, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ran 16 ga Afrilu cewa ƙwayar korona ce sanadin cutar. Zhong ya ba abokan aiki na Hong Kong damar ɗibar samfur daga majinyatansa, abin da bai yi wa wasu manya daɗi ba.

A tsakanin nan ya nemi hukumar lafiya ta lardi ta riƙa turo wa cibiyarsa waɗanda suka fi jin jiki. Ma'aikatansa da dama suka kamu, shi ma ciwon huhu ya kayar da shi, ya yi jinya a gida a ɓoye don kada hankalin jama'a ya tashi. Hanyar jinyar da suka tsayar ta dogara kan abu biyu. Na farko, na'urar tura iska ta takunkumin da ke rufe hanci, tun kafin a kai ga zura bututu a maƙogwaro. Na biyu, maganin sitiroid, bisa lura da suka yi cewa a mako na biyu ba ƙwayar cutar ce kaɗai ke ɓarna ba, garkuwar jikin ce take wuce gona da iri ta ƙona huhun mai ita. A Guangdong, cikin mutum 1,500 da 'yan kai da suka kamu, ƙasa da kashi 4 cikin 100 ne suka mutu, alhali a duniya baki ɗaya mutum 774 suka mutu cikin kusan 8,100, wato kusan kashi 10.

Sai dai wannan ƙididdiga tana son a yi mata a hankali. Majinyatan Guangdong da yawa matasan ma'aikatan asibiti ne masu ƙarfi a jika, ba kamar tsofaffin Hong Kong ko Toronto ba, kuma ba a yi gwajin kwatance da zai raba tasirin magani da tasirin shekaru ba. Sitiroid ɗin ma ya bar baya da ƙura. A wasu asibitoci, musamman a Beijing, an zuba shi da yawa na tsawon lokaci, mutane suka tsira da rai amma kan ƙashin cinyarsu ya mutu saboda jini ya daina kai masa, wasu suka nakasa har abada. Zhong ya sha cewa shi ƙa'idarsa a ba wanda ya dace, a lokacin da ya dace, daidai gwargwado. Tambayar ba ta sami amsa mai ƙarfi ba sai a Yunin 2020, da gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna cewa ɗan ƙaramin awo na dexamethasone yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, amma ba ya amfanar wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba. Wato tunanin yana kan hanya, awon ne ya zama matsala.

Ran 3 ga Afrilun 2003 ministan lafiya Zhang Wenkang ya shaida wa duniya cewa an shawo kan cutar, baƙi su zo Sin hankali kwance. Mako guda bayan haka aka zaunar da Zhong gaban 'yan jaridun waje a Beijing. Ranar farko ya bi a hankali kamar yadda aka nema. Rana ta biyu, da suka matsa masa, ya ce ba a shawo kan komai ba: ba a san tushen cutar ba, ba a san maganinta ba, ma'aikatan asibiti kuma suna ci gaba da kamuwa. Ran 20 ga Afrilu aka sauke ministan tare da magajin garin Beijing, Meng Xuenong, adadin masu cutar a birnin kuma ya tashi a rana ɗaya daga 37 zuwa 339.

Ba Zhong ne ya tona asirin Beijing ba, kuma a nan ne labarin yake da sarƙaƙiya. Wanda ya yi wannan shi ne Jiang Yanyong, tsohon likitan tiyata na asibitin soja mai lamba 301, wanda ya rubuta wasiƙa yana ƙaryata alƙaluman minista, ta faɗa hannun mujallar Time. Shekara guda bayan haka Jiang ya sake rubuta wata wasiƙa yana neman jam'iyyar Kwaminis mai mulki ta sake duba kisan da aka yi a dandalin Tiananmen a 1989, wanda shi ya karɓi waɗanda aka harba a daren. Aka tsare shi makonni, ya ƙare rayuwarsa ƙarƙashin sa ido, ya rasu a Maris 2023 ba tare da kafofin gwamnati sun yi ta kansa ba. Zhong kuwa ya zama shugaban Ƙungiyar Likitocin Sin a 2005. Bambancin ba na jarumta ba ne kawai. Zhong ɗan jam'iyya ne, yana musu kan cuta da ƙididdiga, yana ɗora laifi kan jami'an ƙasa-ƙasa, bai taɓa kai hannu kan tsarin mulkin ba. Sabbin shugabannin lokacin, Hu Jintao da Wen Jiabao, suna buƙatar fuskar da jama'a za su yarda da ita bayan abin kunyar da ya faru, shi kuma ga shi a tsaye. A Janairun 2004, da cutar ta sake leƙowa a Guangzhou, shi da Guan Yi na Jami'ar Hong Kong suka shawo kan gwamnatin lardi ta hallaka dubban wata dabba dangin jibda da ake sayarwa a kasuwannin naman daji, wadda aka sami ƙwayar a jikinta. Cutar ba ta sake bazuwa daga kasuwa ba.

Annoba ce ta ba shi suna, amma in za a auna aikinsa da yawan rayukan da ya shafa, sai a duba wata cuta da ba ta shiga kanun labarai. Ita ce toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaitawa da COPD: tari da kaki na shekaru, sannan haki, har mutum ya kasa hawa 'yar matakala. Binciken da ya jagoranta, wanda ya fito a 2007, ya auna numfashin mutum sama da 20,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya sami kashi 8.2 cikin 100 suna da ita, mafi yawansu kuma ba a taɓa yi musu awon numfashi ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu cutar ba su taɓa shan taba ba. Da yawansu matan ƙauye ne da suka shekara suna girki da itace da kara a rufaffen madafi. Cibiyarsa ta bi mutum kusan dubu a ƙauyukan kudancin Sin tsawon shekara tara, ta nuna cewa inda aka buɗe wa madafi mafitar hayaƙi ko aka koma girki da gas na taki, huhu ya fi jinkirin lalacewa. Wannan bincike da a Bichi ko Tessaoua aka yi shi, da ba sai an sauya tambayoyin ba, domin iyayenmu mata da ke tari a bakin murhu ana cewa sanyi ne ko tsufa, da yawansu ba wanda ya taɓa auna numfashinsu.

A 2008 mujallar Lancet ta buga gwajin da ya jagoranta kan carbocisteine, tsohon maganin tsinka kaki mai arha. Majinyata 709 a asibitoci 22, rabi suna shan maganin, rabi suna shan ƙwayar da ba komai a cikinta, ba likita ba majinyaci babu wanda ya san wa ke shan me, har shekara guda. Tashin ciwon ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ga manomin da ba zai iya sayen magungunan shaƙa na Turai ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2017 kuma rukuninsa ya nuna cewa fara maganin tiotropium tun cutar tana ƙarama yana taimakon huhu. A riƙe tsarin gwajin 2008 ɗin nan a rai, za a buƙace shi nan gaba.

Bakinsa bai mutu ba a waɗannan shekaru. A 2009 ya ce bai yarda da adadin waɗanda aka ce murar H1N1 ta kashe ba, wasu yankuna suna ɓoyewa. A majalisar wakilan jama'a ya matsa a riƙa bayyana awon ƙurar iska, ya ce hazon hayaƙin birane ya fi SARS haɗari tunda babu ɗakin da za a killace mutum daga iska. Amma a 2006, da ɓarayi a kan babur suka fizge masa kwamfuta a titin Guangzhou, 'yan sanda suka baza jami'ai suka samo ta cikin kwana goma, sai ya fito yana cewa a dawo da tsarin kame marasa aikin yi da ke yawo a birane. An soke tsarin ne a 2003 bayan an lakaɗa wa wani matashi, Sun Zhigang, duka har lahira a wurin tsarewa a Guangzhou ɗin. Lauyoyi da marubuta suka yi masa ca, kuma da gaskiyarsu. Ƙwarewa a huhu ba ta mai da mutum masanin haƙƙin talaka.

Da korona ta zo, hotonsa yana gyangyaɗi a taragon cin abinci na jirgin ƙasa zuwa Wuhan ran 18 ga Janairu ya zaga wayoyin Sinawa. Abin da ya yi mai amfani a watannin farko a fili yake. Bayan sanarwar 20 ga wata, rukuninsa ya tattara bayanan majinyata 1,099 daga asibitoci 552, aka buga a ƙarshen Fabrairu. A ciki aka ga cewa ƙasa da rabinsu ne ke da zazzaɓi ranar da aka kwantar da su, abin da ke nuna cewa na'urar auna zafin goshi a filin jirgi da ƙofar banki ba za ta tare cutar ba. Da Li Wenliang ya rasu ran 7 ga Fabrairu, matashin likitan idon da 'yan sanda suka tilasta wa sa hannu cewa ya yaɗa jita-jita bayan ya gargaɗi abokan aikinsa kan sabuwar cutar, Zhong ya kira shi gwarzo a hira da Reuters, idonsa da ƙwalla. A Mayu ya shaida wa CNN cewa jami'an Wuhan ba su so faɗin gaskiya ba a farko. A lura, jami'an Wuhan ya ce, bai ce na Beijing ba.

Inda ya bar gefen gado kuwa, ga abin da ya biyo baya. A ƙarshen Janairu ya yi hasashen cutar za ta kai ƙololuwa cikin mako guda ko kwana goma, ba ta tsaya ba. Ran 27 ga Fabrairu ya ce ko da yake a Sin aka fara ganin cutar, ba lallai ne a Sin ta samo asali ba. A matsayin magana ta kimiyya ba ƙarya ba ce, amma bai kawo wata shaida ba, kuma kafofin gwamnati suka ɗauke ta suka yi ta kaɗawa har ta zama tsanin masu cewa sojojin Amurka ko daskararren kifi ne suka kawo ta.

Wanda ya fi damuna shi ne batun Lianhua Qingwen, wani haɗin maganin gargajiya na kamfanin Yiling. Zhong yana cikin manyan marubutan binciken 2020 da ya ce maganin yana gaggauta sauƙi. Majinyata 284 ne, kuma kowa ya san wanda ke shan maganin, babu ƙwayar kwatance. Abin da aka auna shi ne yadda majinyaci ya ce yana ji, wato daidai wurin da sanin ana shan magani yake ruɗar sakamako. Wajen hana ciwon tsananta ko kawar da ƙwayar cutar, binciken da kansa bai ga bambanci ba. Daga baya aka gano cewa ɗaya babban marubucin surukin mai kamfanin ne, ba a kuma bayyana hakan ba sai da aka tona. Ba maganar raina maganin gargajiya ake yi ba, artemisinin da muke sha don zazzaɓin cizon sauro daga tazargaden Sin Tu Youyou ta fitar da shi, amma ya bi ta gwaji mai tsauri. Mutumin da ya tsara gwajin 2008 ya fi kowa sanin abin da na 2020 ya rasa. Sunansa ya taimaka wa maganin ya shiga ko'ina, har a kullen Shanghai na 2022 aka riƙa raba kwalayensa gida-gida lokacin da mutane ke neman abinci.

Ran 8 ga Satumban 2020 Xi Jinping ya rataya masa Lambar Jamhuriya, mafi girman lambar yabo a ƙasar. A watan ne kuma aka sa shi cikin kwamitin bincike mai zaman kansa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙarƙashin Helen Clark, tsohuwar firaministar New Zealand, da Ellen Johnson Sirleaf, tsohuwar shugabar Laberiya, kwamitin da ya rubuta a Janairun 2021 cewa hukumomin Sin, na gari da na ƙasa, suna iya ɗaukar matakai masu ƙarfi fiye da yadda suka yi a Janairun 2020. Sunansa yana kan wannan rahoto, a ba shi wannan.

Ya goyi bayan manufar kulle da gwajin kowa da kowa muddin tana aiki. A Afrilun 2022 ya rubuta tare da wani abokin aikinsa cewa ba za a iya dawwama a kanta ba, dole a shirya buɗewa ta hanyar yi wa tsofaffi riga-kafi da tanadin magani. Aka goge fassarar rubutun daga wasu shafukan intanet na ƙasar, abin da ke nuna cewa shi ma akwai iyakar da aka shata masa. Ba a yi shirin ba. A ƙarshen Nuwamba, bayan wata gobara da ta kashe mutane a birnin Urumqi, wadda jama'a suka ɗora laifinta kan kulle, zanga-zanga ta ɓarke a birane, ran 7 ga Disamba gwamnati ta saki kullen kusan a dare ɗaya. Muryar da aka fito da ita don kwantar da hankalin mutanen da aka shekara uku ana tsoratarwa ita ce ta Zhong. Ya ce nau'in Omicron yana kashe kusan mutum ɗaya cikin dubu, daidai da mura mai tsanani, ya kuma roƙi jama'a su karɓi ƙarin allura.

Ko da lissafin nasa daidai ne, ɗaya cikin dubu a ƙasa mai mutum biliyan 1.4, in kusan kowa ya kamu cikin makonni shida, ya haura miliyan, kuma tsofaffi da yawa ba su cika allurarsu ba. Gwamnati ta ce mutum kusan 60,000 ne suka mutu a asibitoci tsakanin 8 ga Disamba da 12 ga Janairu. Wani bincike da masana a Amurka suka buga a 2023 ya ƙiyasta ƙarin mace-mace kusan miliyan 1.9 a watanni biyun farko. A 2003 da 2009 Zhong ne ya miƙe ya ce alƙaluman hukuma ba su cika ba. A wannan karon wasu ne daga waje suka faɗa. Da ya sake fitowa a Mayun 2023 yana hasashen cewa sabon zagaye zai kai mutum miliyan 65 a mako kafin ƙarshen Yuni, hukumar lafiya ta riga ta daina fitar da ƙididdigar kullum tun ran 25 ga Disambar 2022, saboda haka babu cikakkun alƙaluman da za a gwada hasashen da su.